Yadda ake rubuta lambobi, kwanan wata da lokaci a rubutun Hausa

Idan mai shago a kasuwar Sabon Gari ya ce maka kaya dubu ashirin da biyar ne, ba ka tambayarsa abin da yake nufi, domin kayan suna gabanka kuma ka san kimarsu. Amma ka ɗauki waɗannan kalmomi huɗu ka sa su a takardar bashi, sai su haifi ma'ana biyu: ₦25,000 ko ₦20,005. Takarda ba ta da bakin da za ta ce ba haka take nufi ba. Saboda haka duk ƙa'idojin da ke tafe abu guda suke nema: wanda ya ɗauki rubutunka ya iya karanta shi da baki cikin Hausa ba tare da ya sake jera kalmomin ba, kuma ya fito da ma'ana ɗaya tak. Wannan ya shafi sakataren masallaci mai rubuta sanarwa, da mai buga katin biki a Tudun Wada, da ɗalibin da ke haɗa kundin digiri a Samaru, da ma'ajin ƙungiyar manoma.

Mataki na farko: ka yanke inda za ka sa kalma da inda za ka sa lamba

A cikin zube, wato labari ko wasiƙa ko rahoto, rubuta ɗaya zuwa goma da kalmomi, daga 11 zuwa sama kuma ka sa lamba: mutum uku, gida bakwai, ɗalibai 45. Wannan tsari ne na aiki, wani gidan jarida yana iya ɗaukar wani daban, abin da ba a so shi ne ka fara da tsari ɗaya ka ƙare da wani a takarda guda.

Akwai wuraren da lamba ce kawai ke shiga ko da adadin ƙarami ne: kwanan wata, ƙarfen agogo, kuɗi, awo, lambar shafi, da adadin magani. In adadi biyu na abu iri ɗaya suka haɗu a jimla guda, ka yi musu riga iri ɗaya: "buhu 8 na masara da buhu 24 na dawa". In kuwa abubuwan da ake ƙirgawa sun bambanta, gauraya ta fi taimakon ido: "azuzuwa uku masu ɗalibai 45 kowanne". Maganar da aka ɗauko daga bakin mutum, da sunayen da suka riga suka zauna kamar sadakar uku da sadakar arba'in, a bar su da kalmomi.

Ka kula da baƙaƙe masu ƙugiya da alhamza: ɗaya, huɗu, ɗari, ƙarfe, arba'in, saba'in. "Sha" kalma ce mai zaman kanta, goma sha biyu kalmomi uku ne. Casa'in da tis'in duk 90 ne, ka ɗauki ɗaya ka riƙe.

Mataki na biyu: abin da ake ƙirgawa shi ke gaba

A nan ne rubutu da yawa ke karyewa, musamman wanda aka juyo daga Turanci. Bahaushe yana faɗin sunan abu tukuna sannan adadinsa. Ba wanda ke cewa "ashirin miliyan naira" da bakinsa, to kada hannu ya rubuta abin da baki ba ya faɗa. Daidai shi ne naira miliyan 20, kilomita 80, lita 25, hekta 3, shekara 40. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne, haka za a rubuta, ba "80 kilomita" ba. Buhun taki kilo 50 ne. Fili kuma ka fayyace ma'aunin da ɓangaren: ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo. In ka rubuta "50 da 100" kurum, wani zai ɗauka mita ce, alhali mita ɗaya ta fi ƙafa uku.

Kuɗi yana da hanya biyu, ka ɗauki ɗaya: ko alamar ₦ manne da lamba, ₦5,000, ko kalmar naira da tazara, naira 5,000. Haɗa su, "₦5,000 naira", faɗin abu ɗaya ne sau biyu. Haka ma "kashi 30%". A zube ka rubuta kashi 30 cikin ɗari, a jadawali inda wuri ya yi kaɗan ka sa 30% shi kaɗai.

Waƙafi yana raba lambobi uku-uku daga dama: 1,500 da 25,000 da 3,200,000. Ɗigo kuma na ɓangaren da bai kai ɗaya ba ne: 2.5, a karanta biyu da ɗigo biyar, ko biyu da rabi. A Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, abin a juye yake: 2,5 shi ne biyu da rabi, dubu kuma ana raba ta da tazara ko ɗigo. Mai hulɗar kasuwanci da Maraɗi ko Damagaram ya riƙa ƙara adadin da kalmomi. Ya kuma tuna cewa a can dala tana nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000. In dalar Amurka kake nufi, ka rubuta hakan a cike.

Da zarar sifili ya kai shida, ido ya fara gajiya da ƙirga shi. A zube rubuta naira miliyan 3.2 ko naira biliyan 4, ka bar cikakkun lambobin ga jadawali da rasit. Miliyan sifili shida gare ta, biliyan kuma sifili tara, wato miliyan dubu ce. Gajartawar da aka saba a waya, irin su 50k, kada ta shiga takarda mai muhimmanci, domin harafin k shi ne kuma alamar kwabo: a tsohon rasit 50k kwabo hamsin ne, a saƙon WhatsApp dubu hamsin ne.

Mai kwafe tsohuwar takardar cinikin gida ko gona a cikin birni zai gamu da fam da sule da jaka. Ya bar su yadda suke, ya ƙara bayani a gefe. Naira ta fara aiki ran 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama ₦2, sule ya zama kwabo 10, jaka guda kuwa fam ɗari ce, wato ₦200. Wannan lissafin canjin suna ne kawai, ba ya nuna darajar kuɗin a yau.

Mataki na uku: rubuta adadi da kalmomi a takardar da za ta zama hujja

Rasit, yarjejeniyar haya, takardar sadaki, takardar bashi: a waɗannan ana rubuta adadi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi, domin kowanne ya tsare ɗan'uwansa. Sai dai kalmomin ma suna da tarkonsu, kuma duk a kan 'yar kalmar nan "da" yake. Dubi waɗannan:

dubu ɗari biyar 500,000 ne, dubu da ɗari biyar 1,500 ne;
dubu goma sha biyar 15,000 ne, dubu goma da biyar 10,005 ne;
dubu ɗari da hamsin yana iya zama 150,000, yana iya zama 100,050.

Na farkon shi ya fi haɗari, domin baƙi biyu ne kacal tsakanin kuɗin cefane da rabin miliyan, kuma mai mugun nufi yana iya goge su ko ya cusa su. Maganinsa kada ka bar "dubu" tsirara: rubuta dubu ɗaya da ɗari biyar. Sauran kuma maganinsu maimaita sunan. Ga 150,000 rubuta naira dubu ɗari da dubu hamsin. Ga 100,050 rubuta naira dubu ɗari da naira hamsin. Ga 25,000 rubuta naira dubu ashirin da dubu biyar. Maganar ta ɗan yi tsawo, amma ba ta bar ƙofa ba. In ka gama sai ka rufe da "kacal" ko "kawai", ka ja layi a sauran filin don kada a ƙara wani abu.

Ƙirgen ragi, irin su ashirin ba ɗaya a madadin 19, ko ɗari ba biyu a madadin 98, Hausa ce tsantsa kuma tana da daɗi a labari. A takardar kuɗi a guje ta, domin "ba" da "da" suna kama a rubutun hannu, ɗari ba biyu kuma ya koma ɗari da biyu.

Wani wurin da 'yar kalma ke juya lissafi shi ne ƙari da ragi. In farashin mudu ya tashi daga ₦1,000 ya kai ₦1,500, ya ƙaru da ₦500, ya ƙaru zuwa ₦1,500, ƙarin kuma kashi 50 cikin ɗari ne. Wanda ya rubuta "ya ƙaru da ₦1,500" ya gaya wa mai karatu cewa mudu ya zama ₦2,500. Kalmomin kintace kuma, kimanin, wajen, kusan, sama da, suna tafiya ne da adadi dunƙulalle. "Kimanin mutum 5,000" ya yi. "Kimanin mutum 4,873" bai yi ba, wanda ya ƙirga har ya kai ga ukun ƙarshe ba kintace yake yi ba.

Na nawa ne, da kashi nawa ne

Matsayi a jeri ana nuna shi da "na" ko "ta" gwargwadon jinsin sunan: aji na uku, shekara ta uku, ƙarni na 19, rana ta bakwai. Na ɗaya a jeri shi ne na farko ko ta farko. Wutsiyoyin Turanci da ake maƙala wa lamba, irin su st da th, ba su da gurbi, "na" ta riga ta yi aikinsu. Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, wanda aka naɗa ran 7 ga Oktoba 2020, shi ne na 19 a jerin sarakunan Fulani na Zazzau. A nan mutumin Zazzau ya ƙara lura. A Zazzaganci ba a cika rarrabe namiji da mace a irin wannan gurbi ba, sai a ji "shekara na uku", kuma karin harshe ne mai asali da ba abin kunya ba. Amma a jarrabawa da jarida da takardar ofis daidaitacciyar Hausa ake bi, a can shekara ta uku ce.

Rabo daidai-wa-daida ana nuna shi da maimaici da karan ɗori: an ba su naira ɗari-ɗari, sun shiga biyu-biyu. Da lamba kuwa ka ce an ba kowa ₦100.

Sunayen kaso da muka samo daga Larabci suna nan da rai a rabon gado da zakka: sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, ushuri. Duk mai rubuta takardar rabon gado ya sa lamba kusa da kowace kalma, sumuni 1/8, rubu'i 1/4. Dalili kuwa a fili yake: sulusi 1/3 ne, sudusi 1/6 ne, baƙi ɗaya ya raba su, ɗayan kuma ninkin ɗayan ne. Dukansu biyu rabon uwa ne, gwargwadon ko mamacin ya bar 'ya'ya ko 'yan'uwa, saboda haka mai karatu ba zai gane kuskuren daga ma'ana ba. A magani ma haka: rubuta 0.5 da sifilinsa a gaba, kada ka rubuta .5, domin in ɗigon ya ɓace adadin ya ninka sau goma. Kada kuma ka rubuta 5.0 inda 5 ta isa, ana iya karanta shi 50.

Lambobin da ba adadi ba ne

Lambar waya, lambar asusun banki, NIN da BVN sunaye ne da aka rubuta da lambobi, ba a tara su ba a ɗebe su. Saboda haka waƙafi ba ya shiga cikinsu. Lambar wayar salula a Najeriya guda 11 ce, ta fara da sifili, a raba ta huɗu, uku, huɗu da tazara don sauƙin karatu. In ka sa +234 a gaba, sifilin farko ya faɗi. Lambar asusu guda 10 ce, NIN da BVN kowacce 11. Kafin ka tura, ƙirga su da yatsa.

A manhajar Excel, in ka shigar da lambar da ta fara da sifili, manhajar za ta ɗauke ta a matsayin adadi ta cinye sifilin, sai jerin sunayen ma'aikata ya fito da lambobin asusu masu guda tara. Ka sa alamar ' kafin lambar, ko ka mayar da gidajen zuwa na rubutu tun kafin ka fara shigarwa.

Kwanan wata na Miladiyya

Jerin shi ne rana, kwana, "ga", wata, shekara: Asabar, 5 ga Afrilu 2025. Ana iya cewa 5 ga watan Afrilu, duk ɗaya ne. Sunan rana da na wata da babban baƙi suke farawa. Shekara a rubuta ta da lambobinta huɗu, ba waƙafi a ciki: Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ran 4 ga Oktoba 1962. Watannin su ne Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba. Kada ka gajarta su. "Ma" na iya zama Maris ko Mayu, Yuni da Yuli kuwa ko a cike suke sai an duba sau biyu.

Rubuta kwanan wata da lambobi zalla, 5/4/2025, a bar shi ga fom ɗin da ya tilasta hakan. A Najeriya wannan 5 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Mayu ne, kuma kwamfutoci da wayoyi da yawa suna zuwa da saitin Amurka. Duk kwanan da bai wuce 12 ga wata ba yana iya juyewa haka ba tare da na'urar ta yi ƙorafi ba. In kana cike fom na neman biza ko gurbin karatu a intanet, duba abin da aka rubuta a jikin akwatin kafin ka shigar. Sa sunan rana ma kariya ce: 5 ga Afrilu 2025 Asabar ce, 4 ga Mayu 2025 Lahadi ce, mai lura zai kama saɓanin. Ga sunan fayil a kwamfuta kuwa, fara da shekara, 2025-04-05, domin haka ne fayilolin za su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo.

A baki ana cewa "biyar ga watan huɗu", kuma ana ganewa. A takarda ka ambaci sunan watan, saboda kalanda biyu muke bi: watan tara Satumba ne a ɗaya, Ramadan ne a ɗayar.

Sai maganar "alif". Kalmar Larabci ce, ma'anarta dubu. Wanda ya karanta 1960 ya ce alif ɗari tara da sittin ya yi daidai. Wanda ya ce alif dubu ɗaya da ɗari tara da sittin ya faɗi dubu sau biyu. "Shekarar alif 1960" a rubuce ma haka ne, "alif 2020" kuwa ba ta da mafita ko kaɗan. Rubuta shekarar 1960 ka wuce.

Tsakanin shekaru biyu, ko dai kalmomi ko dai kara, ban da haɗawa: marigayi Sarki Shehu Idris ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, ko a jadawali 1975–2020. "Daga 1975–2020" gurguwar jimla ce, ta ɗaga ƙafa ba ta sauke ba. Zangon karatu ana rubuta shi 2024/2025. Ƙarni kuma yana gaban lambobin farko na shekara da ɗaya, in ban da shekarar da ta ƙare da sifili biyu: jihadin 1804 a ƙarni na 19 ya faru, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 ta ƙarni na 20 ce.

Kwanan wata na Hijira

Jerin bai canja ba: 7 ga Shawwal 1446. In an haɗa kalandun biyu, sunan rana sau ɗaya ake faɗa, a haɗa su da "daidai da": Asabar, 7 ga Shawwal 1446, daidai da 5 ga Afrilu 2025. Inda shekarar Hijira ta tsaya ita kaɗai, ka ce shekara ta 1446 bayan Hijira. Sunayen gida, watan Cika-ciki, watan Azumi, watan Ƙaramar Salla, watan Babbar Salla, suna da kyau a labari, amma a takardar shaida ka sa Muharram, Ramadan, Shawwal, Zulhijja. Rabi'u biyu ne, Jimada ma biyu ne, kada ka rubuta ɗayansu ba tare da ka nuna na farko ne ko na biyu ba.

Abin da ya fi jawo kuskure shi ne dogaro da kalandar waya. Yawancin manhajoji lissafin Saudiyya suke bi, a nan kuwa wata yana kamawa ne da sanarwar ganinsa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, kuma sukan saɓa da kwana ɗaya. Don haka in abin ya riga ya faru, bi sanarwar: ƙaramar sallar 1446 ta kama Lahadi, 30 ga Maris 2025 a Najeriya, daga nan kake ƙirgawa. In kuwa abin na gaba ne kuma watan bai kama ba tukuna, kwanan Miladiyya da sunan rana su ne ginshiƙi, na Hijira kuma a biyo shi da "in wata ya yi daidai", ko a bar shi.

Shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Shi ya sa shekara ɗaya ta can takan ratsa biyu na nan: 2024 ta fara a cikin 1445 ta ƙare a cikin 1446. Mai son kintacen shekarar Miladiyya ya ninka shekarar Hijira da 0.97 ya ƙara 622. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1232, lissafin ya ba da 1817, kuma haka ne. Amma hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1218 ta faru, lissafin ya ba da 1803, alhali a Fabrairun 1804 aka yi ta, domin ta faɗo ne a ƙarshen shekarar. In ba ka san watan ba, rubuta shekarun biyu: 1803/1804.

Mai kwafowa daga takardar ajami ko ta Larabci ya san siffofin lambobin can. ٥ biyar ce ko da ta yi kama da sifili, sifilin kansa ɗigo ne ٠, ٦ kuma shida ce ko da ta yi kama da bakwai ɗin boko. Rubutun daga dama yake tafiya, amma lambar daga hagu ake jera ta kamar ta boko: ١٤٤٦ ita ce 1446.

Lokaci

Tsarin shi ne ƙarfe, lamba, ruwa biyu, minti, sannan sashen yini: ƙarfe 4:30 na yamma. Sashen yinin dole ne, domin ƙarfe 7 biyu ne a kowace rana. A aikace, na asuba ya kama daga wajen 4 zuwa fitowar rana, na safe har zuwa 11:59, na rana daga 12 zuwa wajen 3, na yamma daga 4 zuwa faɗuwar rana, sauran duka na dare ne. In ka sa waɗannan, haruffan Turanci na safe da yamma, wato a.m. da p.m., ba su da sauran aiki. Da rabi, da kwata, saura kwata, saura minti goma, duk na kalmomi ne: ƙarfe uku saura kwata, ko ƙarfe 2:45, ban da "ƙarfe 3:00 saura kwata".

Ƙarfe na nuna inda hannun agogo yake, awa ko sa'a na nuna tsawon lokaci. Taro ya fara ƙarfe 2:00, ya ɗauki awa biyu. Kada ka sa ɗigo a tsawon lokaci, domin awa minti 60 ce ba ɗari ba: awa 1.5 minti 90 ke nan, amma da yawa za su karanta awa ɗaya da minti 50. Rubuta awa ɗaya da rabi. Kalmar daƙiƙa kuma a yi hattara da ita. A Larabci minti take nufi, malamai da yawa haka suke amfani da ita, a rediyo da jarida kuwa ana yawan nufin sakan da ita. Inda awo ke da muhimmanci, rubuta minti ko sakan.

Yanzu ga babban ramin, wato dare. A lissafin Musulunci dare yana gaban yininsa, rana tana kamawa ne daga faɗuwar rana. Saboda haka daren Juma'a a bakin malami da dattijo shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis. Ɗan boko kuwa in ya ce daren Juma'a, sau da yawa bayan an yini Juma'ar yake nufi. Sanarwar wa'azi ko walima da ta ce "daren Juma'a" kurum za ta raba jama'a gida biyu. Rubuta ranar Alhamis, 3 ga Afrilu, da ƙarfe 8:30 na dare. Abin da ya faɗo bayan sha biyun dare kuma, kamar tashin jirgin alhazai ko motar dare, ka ambaci ranakun biyu: ƙarfe 1:30 na dare, daren Litinin wayewar garin Talata, sannan ka sa kwanan watan Talatar. Wa'adin rufe rajista kada a sa shi ƙarfe 12:00 na dare, ba a sanin ko farkon ranar ne ko ƙarshenta. A sa 11:59 na dare. Wannan bambanci har suna yana shafa, domin gidaje da yawa suna lissafa jaririn da aka haifa bayan magariba a ranar da ke biye, don haka mai rubuta gayyatar suna ya tambayi masu gida kafin ya ƙirga.

Ɗaura alƙawari a kan salla al'adarmu ce, kuma ta fi zama a ran mutane. Sai dai lokacin salla yana tafiya. A Zariya rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:00 a Nuwamba, a Yuli kuwa sai kusan 7:00. Masallatan Juma'a ma ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba. To, ka haɗa biyun, ka kuma ambaci masallacin: bayan sallar La'asar, ƙarfe 4:30 na yamma.

Tikitin jirgi da takardun asibiti da na soja sukan zo da agogon awa 24. Daga 13:00 zuwa sama ka ɗebe 12: 14:30 shi ne 2:30 na rana, 21:15 shi ne 9:15 na dare, 00:30 kuma sha biyu da rabin dare ne na sabuwar rana. In ka rubuta da wannan tsari, kada ka ƙara "na yamma". Sanarwar da za ta tsallaka iyaka, kamar karatu ta intanet, ta faɗi agogon da ake nufi. Najeriya da Nijar da Kamaru agogonsu ɗaya, awa ɗaya gaba da GMT. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu. Ingila takan yi daidai da mu daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya.

Jiya, gobe, jibi, gata, bara, baɗi, rana ita yau: waɗannan suna da ma'ana ne a ranar da aka rubuta su kaɗai. Saƙon da ya ce "gobe za a rufe" yana iya yawo a WhatsApp wata uku yana tayar da hankalin mutane. Duk inda ka sa ɗayansu, biyo shi da kwanan wata: gobe Talata, 8 ga Afrilu 2025.

Dubawar ƙarshe kafin a buga

Ka buɗe kalanda ka tabbatar sunan ranar ya dace da kwanan watan. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a katin biki, kuma yakan faru ne in an ɗage ranar aka gyara lamba aka manta suna, ko mai bugawa ya ɗora sabon aiki a kan tsohon kati. Ka gwada kowane adadi na kalmomi da lambarsa. Ka tara jadawali da kanka ka ga ko jimillar ta fito, kason cikin ɗari kuma su haɗu su ba da 100. Sannan ka miƙa wa wanda bai san maganar ba ya karanta da ƙarfi, kai kana saurare ba ka kallon takardar. Duk inda ya tsaya, ko ya juya kalmomi kafin ya furta, ko ya tambaye ka safe ko dare, wurin yana son gyara. A maɗaba'a kuma a fitar maka da kwafi ɗaya ka duba ka sa hannu kafin a saki sauran. In aikin ya faɗo a Janairu ko a Muharram, ka sake duban shekarar ita kanta, domin a makonnin farko hannu yakan rubuta ta bara.